Birin da Aka Kyautar: Sharhi Kan Wani Kashi na Pokémon da Ra'ayin Masoyansa

Wataƙila wasu 'yan'uwa marubuta su yi mamakin ganin sharhin katun a wannan fili. To, a yi mana uzuri. A ganinmu labari labari ne, ko a takarda yake ko a akwatin talabijin, kuma kuskuren da ke kashe ɗaya shi ke kashe ɗayan. Gardamar da muka tarar wasu ɗalibanmu suna yi lokacin tara ita ta sa muka nemi wannan kashi muka kalla.

Shi dai Pokémon shiri ne na ƙasar Japan da aka fara nunawa a 1997. Tauraronsa har zuwa 2023 yaro ne mai suna Ash, wanda ke yawo yana kama wasu halittu yana horar da su don gasar faɗa. Kashi na 29, mai suna "The Punchy Pokémon", a kan dambe da naushi aka gina shi. Wani magidanci mai suna Anthony ya yi watsi da iyalinsa saboda horar da ɗan dambensa, Hitmonchan, don gasar P1. 'Yarsa Rebecca ta roƙi su Ash su shiga gasar su kayar da mahaifinta, ko ya dawo gida. Ash ya shiga da Primeape, wani biri mai zafin rai da ba ya jin maganarsa. Da aka yi jifa da birin daga fage, Ash ya yi tsalle don ya tare shi, daga nan birin ya sallama masa. Shi kuwa Anthony, 'yan ƙungiyar Rocket sun yi masa maguɗi da gam, 'yarsa ta shiga tsakani, ya kare ta da jikinsa, ya janye daga gasar, ya yi alkawarin kula da gida. Primeape ya ci kambu. Sai Ash ya bar wa Anthony shi don ya ci gaba da horar da shi.

Masoyan shirin sun kasu biyu, kamar yadda ɗalibanmu suka kasu. Na farko faɗan ya burge su, da kuma sunayen 'yan damben: an samo Hitmonlee daga Bruce Lee, Hitmonchan daga Jackie Chan. Duk wanda ya taɓa bin layin silima don kallon fim ɗin Chanis ya san daɗin wannan. Na biyu kuwa har yau ba su huce ba. Suna cewa ta yaya yaro zai kama biri a kashi na 25, ya kyautar da shi a na 29, ranar da ya ci masa kambu? Kuma har aka kammala labarin Ash a 2023 birin bai dawo ayarinsa ba.

Mu muna tare da kashi na biyu, amma ba don dalilinsu ba. Su asarar ƙarfi suke lissafawa, kamar mai kukan an sayar da sa mai noma. Alhali rabuwa ba aibi ba ce a labari. A kashi na 21 Ash ya saki Butterfree, masu kallo suka yi hawaye amma suka yarda, domin tun kashi na 3 suke tare da shi yana tsutsa, sun ga girmansa, kuma dalilin tafiyarsa, wato bin abar ƙaunarsa, daga cikin labarin ya fito. Shi Primeape da safe aka ƙulla amana da shi, da yamma aka warware. An sa mai kallo ya biya sadaki, aka hana shi amarya.

Babban aibin kuma, wanda ɓangarorin biyu suka tsallake, shi ne Rebecca. Kukanta shi ne jigon kashin: uba ya fifita gasa a kan gida. Uban ya tuba a gabanmu. To, mece ce ladar tubansa? An danƙa masa sabon zakaran dambe! Wannan kamar a raba mutum da caca ne, sannan a yi masa kyautar sabuwar karta a bakin ƙofa. Yarinyar da ta jefa kanta cikin haɗari ba a ko tsaya an nuna mana yadda ta ji ba. Ƙarshen labarin ya cinye farkonsa.

Ba mu ce kashin ba shi da armashi ba. Tsallen Ash ya nuna ƙauna da aiki, ba da doguwar magana ba, kuma wannan abin koyi ne ga masu cika shafi uku da kalaman soyayya.

Darasin namu ne, 'yan'uwa. Sau nawa muke karanta littafi, a ɗora mu kan wata baiwar Allah har mu shaƙu da ita, sai marubuci ya rasa yadda zai yi da ita, ya aika ta karatu ƙasar waje ko ya haɗa ta da hatsarin mota a shafi guda? Idan za ka raba mai karatu da wani tauraro, ka shuka dalilin tun da wuri. Idan ka gama rubutu, ka koma babin farko ka tambayi kanka: wa ya zo da kuka, kuma an share masa hawaye ko an ƙara masa? Mai karatu yakan yafe kuskuren ɗab'i, amma ba ya manta alkawarin da aka karya masa.

Allah ya sa mu gyara.