Jarumi da Abokin Tafiyarsa: Nazari a kan Ganɗoki da Ruwan Bagaja

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari da Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga gasar, waɗanda aka buga a 1934, akwai biyu da wa da ƙane suka rubuta: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin bai wuce shekara ashirin da ƴan kai ba. Dukansu labarai ne na mutumin da ya bar gida, ya ratsa ƙasashe, ya shiga duniyar aljannu, sa'an nan ya komo. Amma Ruwan Bagaja ya fi zama a bakin jama'a, har sunansa ya shiga magana ta yau da kullum. A ganina dalilin yana wurin wanda kowane jarumi ya yi tafiya da shi.

Mu fara da Ganɗoki. Rabin farko na littafin yana tsaye bisa tarihi: faɗuwar Kwantagora a hannun Ingilishi a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, wadda ta ƙare da yaƙin Burmi a 1903. Daga nan marubucin ya saki tarihi, ya kai jaruminsa ƙasashen aljannu, inda takobinsa ke cin nasarar da bai ci ba a gaban bindiga. Mai karatu a Agadas ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan ciwo. Garinmu ya ga kewayewar Kawsan daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, ya kuma ga abin da sojan Faransa suka yi bayan sun karya ta, da makomar Sarkin Abzin Tagama. Al'ummar da aka ci da yaƙi takan nemi inda za ta ajiye mutuncinta, kuma Bello Kagara ya ajiye nasa cikin almara. Wannan shi ne darajar littafin.

Rauninsa kuwa shi ne Ganɗoki ba shi da tsara. Ɗansa Garba Gagare yana tare da shi, amma ɗa ba ya gaya wa uba ya yi kure. Saura kuwa ko maƙiya ne da za a sare, ko mabiya ne da za su yi mubaya'a. Shi yake yaƙi, shi yake yi wa kansa kirari, shi kuma yake ba da labari. Da yake babu mai musa masa, yadda ya fita haka ya komo, ƙasashen ne kawai suka sake. Idan muka duba waƙar Roland ta tsohon adabin Faransa, wadda ɗalibanmu kan ji labarinta a ajin faransanci, za mu ga bambancin. Roland ya ƙi busa ƙaho ya nemi gudummawa saboda girman kai, abokinsa Olivier kuwa ya zarge shi a fili, a tsakiyar fagen fama. Zargin nan shi ya mai da Roland mutum, har mutuwarsa take taɓa zuciya.

Ruwan Bagaja ya bi wata hanya dabam. Ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka yi masa ba'a a fada. Alhaji Imam ya fita neman ruwan don ya wanke wanda ya rene shi daga wannan wulakanci, ya kuma yi shekara 15 a hanya. Sai dai a tambayi duk wanda ya karanta littafin tun yana yaro me ya riƙe. Da wuya ya fara da rijiyar da aka ɗebo ruwan. Abin da zai fara faɗa Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Haɗuwarsu ta farko ma kunyatarwa ce: Alhaji, wanda ba shi da karatu, ya zana alama a ƙasa, Zurƙe ya karanta ta a matsayin harafi, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jahilan gari suka bi bayan jahili suka kori mai ilmi. Daga nan sai ramuwa bisa ramuwa, gari bayan gari, kafin daga bisani su shirya.

Wannan zumunci ya bambanta da wanda aka saba gani a manyan labaran nema na Turai. A littafin Tolkien, The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, Sam bara ne mai biyayya, wanda ya goyi Frodo a kan dutse sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Zurƙe kuwa ba ya goyon kowa. Aikinsa shi ne ya hana Alhaji yin barci da ido biyu rufe, ya nuna masa cewa kowane mai wayo yana da wanda ya fi shi. Mu a Nijar mun san irin wannan dangantaka, domin ita ce ruhin wasan taubasai da ke tsakanin dangi da tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014. Abokin wasa yana da izinin faɗa maka abin da bafade ba zai faɗa ba. Imam ya ɗauki wannan izini ya ba Zurƙe, shi ya sa jaruminsa yake faɗuwa, a yi masa dariya, ya tashi. Mai karatu kuwa ya fi son jarumin da ya taɓa ganin ƙeyarsa a ƙasa.

Duk da haka kada sha'awar littafin ta rufe mana ido. Wayon Alhaji yana cin waɗanda ba su ji ba su gani ba. Akwai makiyayin da ya yaudara ya shiga maimakonsa a jefa shi ruwa, shi kuwa ya kora dabbobinsa ya tafi. Littafin ya wuce wannan da raha, bai tsaya ya auna ran da ya salwanta ba. Haka nan, a ƙarshe ba ƙoƙarin Alhaji kaɗai ya kai shi ga ruwan ba, aljannu ne suka ɗauke masa mafi wuyar hanya. To ina jaruntar take? Wannan tambaya ce da ya kamata malami ya aza a gaban aji, ya bar yara su yi gardama a kanta. Amsar da na fi karkata gare ta ita ce jaruntar Alhaji guda ce tak: ya yi alkawari saboda mutuncin wani, bai kuwa komo ba sai da ya cika shi. Sauran halayensa na mutum ne irinmu, har da munanan.

Ɗan Abzin yana da ma'aunin da zai gwada waɗannan labarai da shi. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma bai san jarumi shi kaɗai ba. Akwai madugu mai sanin hanya, akwai masu ɗaurin kaya, akwai yaron da ke kula da raƙuma, kuma wanda ya ware daga ayari ba a kiransa jarumi, gawarsa ake nema. Da wannan ma'auni Ganɗoki mafarki ne na wanda aka ci da yaƙi, mafarki mai daraja amma na kaɗaici. Ruwan Bagaja ya fi kusa da tafiya ta gaskiya, inda abokin hanya kan ɓata maka rai da safe ku ci tuwo tare da dare.

Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ake kukan ƙarancin abin karantawa cikin harsunanmu. Ga littattafai biyu gajeru, masu sauƙin harshe, waɗanda suka haura shekara 90 ba su tsufa ba. Shawarata ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu ita ce a riƙa karanta su tare, ɗaya bayan ɗaya, kada a tsaya ga tambayar wane gari Alhaji ya fara sauka. A tambayi ɗalibi wa ya isa ya ce wa Ganɗoki ya yi kure, a kuma tambaye shi hakkin makiyayin nan yana wuyan wa. Yaron da ya saba da irin waɗannan tambayoyi zai iya tunkarar Roland ko Tolkien da ma'aunin da ya samo daga gida.