Imfiraji da Hisabin Kai a Waƙar Wa'azi

Kafin wa'azi ya koma cikin wayar hannu, a ƙasar Zazzau makafi ne ke kai shi har ƙofar gida. Daga layukan Tudun Wada zuwa karkara irin su Dutsen Abba, da wuya a sami dattijuwar da ba ta taɓa jin an tsaya a zaure ana rera Imfiraji ba. Mai waƙar, Malam Aliyu Namangi, shi ma makaho ne, mutumin Zazzau. An buga waƙoƙin a Zariya, ta ɗaya zuwa ta tara, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. Amma a bakin masu bara da matan cikin gida waƙar ta fi rayuwa.

Waƙar wa'azi ta girmi Namangi nesa ba kusa ba. Tun zamanin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u aka san kayan aikinta: mutuwa, kwanciyar kabari, tambayar Munkar da Nakir, awon ayyuka, siraɗi, sai duniya a siffar mace mai kwalliya da yaudara. Masu nazari sukan tara duk wannan a ƙarƙashin jigon tsoratarwa. A ganina tsoron hanya ce kawai. Inda ake son kai mutum shi ne ya zauna ya yi wa kansa hisabi tun yana da sauran numfashi.

Malaman tasawwufi sun daɗe da tsara wannan aiki. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware masa babi guda a Ihya'u Ulumiddin. Ya ce mutum ya ɗauki ransa kamar abokin kasuwancin da ya ba jari: da safe ya gindaya masa sharaɗi, da rana ya sa masa ido, da dare a zauna a fitar da riba da faɗuwa. Wanda ya saba da wannan ba ya jiran a kama shi kafin ya san ya yi laifi.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Malam Abdullahi na Gwandu. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, ya bar runduna da niyyar tafiya Gabas, saboda ya ga 'yan'uwa sun fara karkata ga mulki da dukiya. A Kano aka tsayar da shi, har ya rubuta Liya'ul Hukkami. Da ya zo ba da labarin a Tazyinul Waraƙati, bai tsame kansa daga cikin masu rauni ba. Tsoronsa shi ne abin da ya ci wasu shi ma ya ci shi. Mai wa'azin da ya fara tuhumar kansa, shi ake saurara da zuciya.

Da wannan nake auna Imfiraji. Inda ta fi ƙarfi shi ne inda Namangi yake kuka ga Ubangijinsa, yana begen Annabi, yana neman mafita a matsayin bawa mai laifi. Mai sauraro ba shi da wanda zai nuna da yatsa a nan, dole ya sa kansa a wurin mawaƙin. Ga kuma karin waƙar mai sauƙin kamawa, wanda ke bin mace har madafa bayan makahon ya wuce gida na gaba.

Raunin wannan fanni kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da zarar mawaƙi ya shiga jero laifuffukan jama'a, mashaya da 'yan bori da masu tauye mudu, sai mai sauraro ya sami kafar tsira. Yana ji yana gyaɗa kai, yana tuna maƙwabcinsa. Yawancin wa'azin da ake turawa ta WhatsApp yau wannan ɓangaren ya gada, har da kiran suna da raddi, kowane ɓangare na lissafa zunuban ɗayan.

A makarantu ma ba mu yi wa waƙar adalci ba. Ɗalibi kan ƙirga baitoci, ya fitar da amsa-amo da salon sarrafa harshe, ya ci jarrabawa, ba tare da an taɓa tambayarsa a wane baiti ya ga halinsa ba.