Shubuha da Kariyar Wanda Ake Tuhuma: Sharhi a kan Hukuncin Shari'ar Amina Lawal

A ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta soke hukuncin rajamu da kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal a 2002, wanda babbar kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar. Alƙalai huɗu suka yi rinjaye, ɗaya ya saɓa. Mutane da yawa sun jingina wannan sakamako ga matsin lambar ƙasashen waje, alhali hujjojin da kotun ta kafa daga cikin fiƙihun Malikiyya suka fito, kuma a ma'auninsa ya dace a auna su.

Hujja mafi ƙarfi ita ce janye iƙirari. A mazhabar Malik, wanda ya amsa laifin zina yana da damar janye maganarsa, ko da an fara tsayar masa da haddi, kamar yadda Mukhtasar na Halil ya tabbatar. Asalin wannan yana cikin ƙissar Ma'izu, wanda Annabi (SAW) ya riƙa kau da kai daga gare shi, yana binciken hankalinsa, sannan ya nuna da an ƙyale shi lokacin da ya gudu. Saboda haka kotun Funtuwa ta yi kuskure da ta ƙi karɓar janyewar, kuma gyaran da aka yi mata daidai ne. Haka nan kotun ta lura cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a Bakori, alhali dokar jihar ta tanadi mutum uku.

Hujja ta gaba ita ce kwantaccen ciki. Malikiyya suna ɗaukar bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji a matsayin shaidar zina, amma kuma mashahurin zancensu ya kai iyakar zaman ciki shekara huɗu ko biyar. Tun da Amina bazawara ce wadda rabuwarta da mijinta ba ta kai wannan tsawo ba, ana iya jingina cikin ga tsohon mijin, shubuha kuwa tana tunkuɗe haddi.

Sai dai wannan hujja tana da rauni. Iyakar shekara biyar ijtihadi ce da aka gina a kan abin da mata suka ba da labari a zamanin magabata, babu nassi a kanta. Sannan kariya ce ga bazawara kaɗai. Budurwar da ta ce an yi mata fyaɗe ba ta da rabo a ciki, domin Risala ta Ibn Abi Zaid ta shardanta mata ta kawo alamar tilastawa. A Janairun 2001 an yi wa wata budurwa bulala ɗari a Zamfara a kan ciki, duk da ta ce tilasta ta aka yi. Abu Hanifa da Shafi'i ba sa tsayar da haddi da ciki kaɗai, saboda yiwuwar tilas ko kuskure. Wannan saɓani ne ya cancanci malamanmu su tsaya a kansa, domin shi ne tushen matsalar.

Abin da ya fi damuwa shi ne lokacin da kariyar ta iso. Amina ta tsaya a Bakori ba tare da lauya ba, hujjojin da suka kuɓutar da ita sai a ɗaukaka ƙara aka gabatar da su. A fiƙihu kuwa neman shubuha aikin alƙali ne tun daga zaman farko. Shi zai fayyace wa wanda ake tuhuma ma'anar laifin da nauyin iƙirarinsa, ya binciki hankalinsa, ya kuma yi masa i'izari kafin hukunci, kamar yadda Tuhfa ta Ibn Asim ta wajabta. Matuƙar kwalejojin da ke horar da alƙalai suna koyar da haddi fiye da abin da ke tunkuɗe shi, talakan da ba shi da lauya zai ci gaba da rasa haƙƙin da Shari'a ta riga ta ba shi. Allah ne Mafi sani.