Layi Ɗaya a Takardar Jarrabawa, Dam Guda a Goronyo

Ni ɗalibin kimiyyar ruwa ne, ba na tarihi ba. Amma ranar da wani abokina mai karanta tarihin Amurka na zamani ya nuna min takardun da yake haddacewa don jarrabawa, sai na ga abin ya shafe ni. Sunayen shugabanni ne a jere, da shekarun da suka hau mulki, da dokokin da suka sa wa hannu. Hukumar TVA layi ɗaya ta samu: Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa ta a 1933, ta gina madatsun ruwa a kwarin Kogin Tennessee, ta kai wa talakawa lantarki. Shi ke nan.

To ai wannan layin yana nan zaune a kan Gulbin Rima. Tsarin a ɗauki kogi kacokan a danƙa wa hukuma ɗaya ta kula da noman rani da ambaliya, daga TVA ƙasashe da dama suka kwafo shi. Da irin wannan tunani aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. A ƙarƙashinta aka gama dam ɗin Bakolori a 1978, sannan na Goronyo a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942.

Littattafai biyu nake so a aje gefe da gefe. Na farko na David Lilienthal ne, ɗaya daga shugabannin hukumar, mai suna TVA: Democracy on the March, na 1944. Yana da daɗin karatu, kuma nan matsalarsa take. Mutumin mai kaya ne yake yabon kayansa. Hujjarsa ita ce manoma da kansu ke cikin tafiyar da aikin, kuma wannan hoton ne ya zagaya duniya.

Bayan shekara 5, a 1949, Philip Selznick ya fitar da TVA and the Grass Roots. Rubutunsa na da nauyi, sai ka daure. Amma ya nuna cewa waɗanda hukumar ta jawo jiki su ne kwalejojin aikin gona da ƙungiyar manyan manoma, yayin da masu noman haya da baƙaƙen fata suka zama 'yan kallo. Dam ɗin Norris kaɗai ya tashi iyalai kusan 3,000, kuma garin da aka gina wa ma'aikatansa ba a bar baƙar fata ya zauna a ciki ba.

Duk wanda ya san gabashin Sakkwato, karatun Selznick zai tsaya masa a rai. A Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman Bakolori da ke neman diyyar gonakinsu. Can ƙasa kuwa, inda Gulbin Sakkwato ke gangarowa ta Rabah, binciken William Adams ya nuna yadda ruwan da ke malala fadama duk damina ya ragu: shinkafa ta ja baya, aka koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci. Su waɗannan ba su cikin lissafi tun farko.

Kar a ce na manta alherin. Albasa da tafarnuwa da shinkafar rani ta Wurno da Goronyo, ruwan dam na cikinsu, haka ruwan famfon birnin Sakkwato. Amma wa ake tambaya kafin a buɗe ƙofofin dam ko a rufe? A Satumbar 2010, da ruwa ya fi ƙarfin Goronyo, ƙauyukan da ke ƙasa ne suka kwana a ciki, har hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta yanke.

Mu a ajinmu an koya mana lissafin gudun ruwa da yashin da ke cike dam, ba a taɓa ambata Selznick ba. Abokina kuma ya ci jarrabawarsa da maki mai kyau, kuma har yau bai taɓa taka Goronyo ba.