Dubu Biyar A Wata Don Labarin Hanya: Abin Da Na Gani A Wata Uku

Makon jiya bayan la'asar mutum uku suka tare ni a ƙofar masallaci da tambaya iri ɗaya. Wai wannan takardar labarin tafiye-tafiye da ake turowa a waya duk Juma'a, wadda ake biya wa naira 5,000 a wata, ta ci kuɗinta? Sun tambaye ni ne don sun ji ina cikin masu biya. Haka ne, na biya wata uku. Ɗan ƙanena ne ya sa ni, ya ce, "Baba, yanzu ba a tafiya da ka, sai da bayani." Na ce to. Ba zan kama sunan masu ita ba, don irinsu sun yi yawa yanzu, kuma waɗanda na leƙa a wayar abokai duk kanwar ja ce.

Fitowa 13 na samu, na karanta su tas. A ba su haƙƙinsu: ba su taɓa makara ba, rubutun a tsare yake, ga hotunan otal masu ɗaukar ido. Abin da ke ciki kuwa bai wuce uku ba, labarin biza, farashin tikitin jirgi, sai tallan masauki.

Labarin biza ba zan daɗe a kansa ba. Duk babban labarin da ya taɓa shafar aljihunmu kyauta muka ji shi. Da Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza a Oktoban 2022, jirgin Emirates kuma ya daina zuwa, kafin azahar duk layin 'yan atamfa a Monday Market an sani. Da Hukumar Alhazai ta ƙasa ta ce maniyyata su ciko kusan naira miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki a watan Maris na 2024, a rediyo muka ji, ba wanda ya biya sisi. Abin da takardar ke yi shi ne ta kwaso irin waɗannan sanarwa bayan kwana uku ko huɗu, ta sa musu hoto.

Tikiti mai rahusa shi ne abin da suke tutiya da shi, kuma nan na zauna da biro da takarda. Kusan kowane farashi da suka kawo daga Legas yake tashi, jefi-jefi Abuja. To mu a Yerwa muke. Ka ɗora kuɗin jirgi daga nan zuwa Abuja, ka ɗora kwana ɗaya a masauki don jiragen ba sa haɗuwa, ka ɗora tasi, sai ka ga rangwamen ya narke. Sannan tikitin arha yakan zo da kilo kaɗan, shi kuwa ɗan kasuwa kilo ne ribarsa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban sikeli a filin jirgi yana rage kaya a jaka ya san abin da nake nufi. Sau biyu na kira mai yanka mini tikiti a Kano da farashin da na gani, ya duba ya ce, "Alhaji, wannan kujerun tun jiya suka ƙare." Labarin farashi kamar ɗanyen kifin Baga ne, in ya kwana ba a banda shi ba, sai dai a zubar.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. A fitowa 13 ɗin nan ba layi ɗaya a kan hanyar Damaturu. Babu a kan hanyar Mafa da Dikwa zuwa Gamboru Ngala, babu a kan gadar da ake tsallakawa zuwa Fotokol, balle Kusiri da Njamena. Alhali mu nan tafiyarmu ke nan. A cikin 'yan unguwar nan mutum nawa ne ke hawa jirgi a shekara? Mutum nawa ne kuma ke kama hanyar Kano da asuba don sarin kaya a Kantin Kwari? Abin da matafiyin Maiduguri ke son sani shi ne ƙarfe nawa ake buɗe ƙofa, ƙarfe nawa ake rufewa, yau akwai rakiyar sojoji ko babu, ruwa ya cinye hanya ko ana wucewa, sefa nawa take a bakin iyaka. Wanda ya ɗauka wannan ƙaramin bayani ne ya tuna Auno. A watan Fabrairun 2020 matafiya suka iso an rufe hanyar shiga gari, suka kwana cikin motocinsu, ga fitilun Maiduguri kusan ana hangowa, aka auka musu cikin dare, aƙalla mutum 30 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Irin wannan labari ba ya jiran Juma'a, kuma wanda ke zaune a ofis a Abuja ba shi da shi. Yana bakin direban da ya shigo Tashar Kano ko garejin Muna awa ɗaya da ta wuce, kuma farashinsa sallama da kofin shayi.

Kada a ce ina ƙyamar a biya kuɗi don bayani. Unguwar nan a kan sana'ar bayani ta ginu. Kakana daga ƙasar Kano ya taso da niyyar hajji ta ƙasa, ya sauka a nan don ya tara guzuri, aure ya riƙe shi. Abokan tafiyarsa suka wuce ta Fort Lami, Abashe, Adre, Junaina, Fashir, har bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suka yi a hanya, wasu suka zauna a Sudan, jikokinsu na can har yau (tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa sai addu'a). Duk wanda ya bi wannan hanya da fatoma ya dogara. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya gaya masa wace hanya ce lafiya, wane madugu ne mai amana, wane mai saye ne ba ya biyan bashi. Kuma ba kyauta yake yi ba, yana da la'adarsa. Sai dai la'adar tana fitowa ne bayan ciniki ya faɗa. In ya haɗa ka da macuci, ƙofar gidansa za ka zo, shi zai tsaya, don in bai tsaya ba baɗi ba baƙon da zai sauka wurinsa. Ita kuwa takardar nan, a ƙasan kowace fitowa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ba su da alhakin duk abin da ya biyo baya. Kuɗi a gaba, alhaki babu.

Mun karanta babin ciniki a Risala tun muna Islamiyya, akwai abin da ake kira ji'ala, wato ka ce wanda ya samo mini abu kaza yana da lada kaza. Malamai suna kafa hujja da ƙissar Annabi Yusuf, inda aka sa ladan kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a sharɗanta a biya wannan lada kafin buƙata ta biya. Ban ce biyan kuɗin wata haram ba ne, kada gobe a ce Liman ya ba da fatawa. Ya fi kama da sayen jarida, ka saya ko ka ƙaru ko ba ka ƙaru ba. Abin da nake cewa, da sun yarda da kayansu da sun ce: in ka sayi tikiti ta bayaninmu ka samu sauƙi, ba mu wani abu a ciki. Da ni ne farkon shiga.

Akwai kuma abin da ya sa na daina gaba ɗaya. Kamfanin shirya Umara guda ɗaya suke yabo a kowace fitowa, ba su taɓa cewa talla ce ba. Ana gab da aikin hajji sai ga su da bizar ziyara "mai sauƙi", da wasu kalamai na hannunka-mai-sanda, wai mai dabara ba ya rasa Arfa. Subhanallah. A hajjin 2024 hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum 1,301 suka rasu a cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin hajji, ba tanti, ba mota, ba mai nemansu. Dattijuwar da ta sayar da shanunta ta karanta wannan, ko a karanta mata, ta ɗauka shawara ce daga masana tunda har biya ake yi. Na rubuta musu a kan haka, amsar da na samu ita ce tunatarwa cewa watana ya kusa ƙarewa.

Wanda zai iya cin moriyarta shi ne mai zuwa Guanzu ko Dubai sau huɗu ko biyar a shekara, mai ajiyar dala a hannu, wanda zai iya yanke tikiti cikin awa ɗaya da ganin farashi. In ya dace sau ɗaya ya mai da kuɗin shekara. Irinsu a unguwar nan ba su cika sahu ɗaya ba, kuma kowannensu yana da ejan ɗinsa da ke kiransa tun kafin takarda ta fito. Sauranmu, da gobarar kasuwa ta Fabrairun 2023 da ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 suka bari da bashin 'yan sari, naira 60,000 a shekara ba kuɗin wasa ba ne.

Haka na gaya wa mutanen nan uku. Ɗayansu, mai sayar da takalma, ya ce shi jibi zai tafi Gamboru. Na ce ya biya ta Muna gobe da yamma ya ji ta bakin direbobin da suka dawo, in ya so ya zo mu yi magana a shago.