Yuri Orlov Ba Shi Ne Babban Dillalin Ba

A unguwanninmu na Nima da Maamobi, da wuya ka sami mai son fim ɗin faɗa da bai kalli Lord of War ba, wanda Andrew Niccol ya shirya a 2005. Nicolas Cage ne ya fito a matsayin Yuri Orlov, ɗan asalin Yukren da ya tashi a Amurka, ya mai da fataucin bindiga sana'a. Farkon fim ɗin kaɗai ya isa ya hana mutum barci: ana bin harsashi guda tun daga masana'anta, zuwa akwati, zuwa jirgin ruwa, har ya ƙare a goshin wani yaro ɗan Afirka riƙe da bindiga. A nan kam Niccol ya yi aiki.

Kuma labarin bai yi mana nisa ba. Andre Baptiste, shugaban Laberiya na cikin fim, kowa ya gane Charles Taylor ake nufi, wanda aka bayyana sammacin kama shi a Yunin 2003 yana nan Accra wajen taron sulhu. 'Yan gudun hijirar yaƙinsa kuwa a Buduburam suka yi shekaru. An kuma ce akwai rayuwar Viktor Bout cikin Yuri, wanda Amurka ta ɗaure shekara 25 a 2012, ta kuma sake shi a musayar fursunoni a Disambar 2022.

Inda nake da ja da fim ɗin shi ne inda ya ajiye idon mai kallo. Awa biyu muna bin ɗan fasa-ƙwauri, da takardun bogi, da sauya sunan jirgin ruwa a tsakiyar teku. Sai a mintunan ƙarshe ake tuna mana cewa manyan masu sayar da makamai su ne ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu. Wato giwa aka ɗauko aka cusa a rubutun rufe fim. Cinikin da ya fi cin rayuka yana da lasisi da hatimi, kuma ta gaban majalisa yake wucewa. Babu ɗan majalisa ko ɗaya mai muhimmanci a labarin, alhali a can ne rikicin yake.

Dokokin suna nan. Amurka na da dokar sayar da makamai ta 1976, wadda ta ba majalisa damar ƙin amincewa da ciniki, tana kuma da dokar Leahy ta 1997 da ta hana taimaka wa rundunar da aka sami sahihiyar shaida ta ci zarafin mutane. To amma shugaban ƙasa na iya hawa kujerar na-ƙi, kuma sai da kashi biyu bisa uku na majalisun biyu ake danne shi. A Yulin 2019 majalisa ta zartar da ƙudurori uku don tsayar da makaman Saudiyya da Hadaddiyar Daular Larabawa saboda yaƙin Yaman, Trump ya yi fatali da su. A Nuwamban 2024 Sanata Bernie Sanders ya nemi a dakatar da wasu makaman Isra'ila saboda Gaza, bai samu ko ƙuri'a ashirin cikin ɗari ba. Ashe ba wannan ne wasan kwaikwayon da ya fi ban tsoro ba? Yuri yana gudun 'yan sanda. Waɗannan ba wanda suke gudu.

Akwai kuma gefen da ya shafe mu, wanda fim ɗin bai ko leƙa ba. Idan na buɗe layin waya a shiri kan Gaza, kusan kowa cewa yake a hana Isra'ila makamai, kuma ina tare da su. Amma da Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jiragen Cobra a 2014, ana tsakiyar yaƙin Boko Haram, mutanenmu da yawa cewa suka yi mugunta ce. Shugaba Buhari da kansa ya je Washington a Yulin 2015 ya yi kuka da dokar Leahy. Wata biyar bayan haka aka yi kisan Zariya, inda kwamitin binciken Jihar Kaduna ya ƙirga gawa fiye da 340. A Janairun 2017 jirgin sojin Najeriya ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann. Duk da haka aka amince da cinikin jiragen Super Tucano goma sha biyu, suka iso a 2021. Uwar da Boko Haram ta kashe wa ɗa tana so a ba soja jirgi. Uwar da ta rasa nata a Rann tana so a tambayi sojan tukuna. Dukansu namu ne. Marubuci mai ƙarfin zuciya a tsakanin matan nan biyu zai kafa labarinsa, ba a bakin mai barkwanci sanye da kwat ba.

Su kuma 'yan Afirka na cikin fim, ko dai mahaukacin shugaba mai bindigar zinare a gidansa, ko taron ƙauyawa da suka kwance jirgin sama cikin dare ɗaya. Ba a nuna cewa ECOWAS ta sa takunkumi kan shigo da ƙananan makamai tun 1998 ba, wanda ya zama yarjejeniya a 2006. Nan Gana ma majalisa ta kafa hukumar kula da ƙananan makamai a 2007. Ita wannan majalisar ce kuma a Maris 2018 ta amince da yarjejeniyar tsaro da Amurka bayan 'yan adawa sun fice, mutane suka cika titunan Accra da zanga-zanga. Nima tana da wakili a zauren, Maamobi ma tana da nata.