Karin Hula da Ɗaurin Ɗankwali

Baƙon da ya hango filin Idi daga nesa zai ɗauka tela ɗaya ne ya yi wa kowa ɗinki: babbar riga, kaftani, wando, hula. Sai ya matso zai ga da wuya a samu mutum biyu da suka kafa hula iri ɗaya. Siffar tufafinmu gadonta muka yi, addini da kunya sun shata mata iyaka, don haka gwanintar sa kaya ta koma cikin ƙananan abubuwa. A nan ake gane wanda ya san jikinsa da halinsa.

Hula ce ta fi tona asiri. Zanna bukar da ta zo mana daga Barno, ko kube, ko dara, duk a kasuwa ɗaya ake sayensu, amma kari na mai kai ne. Mai kumatu doguwar hula a tsaye ke fito da shi. Mai siririyar fuska in ya yi haka sai ya ƙara zama zangarniya, gara ya karya ta ƙasa. Wani ya turo ta goshi, wani ya ture ta ƙeya, tun kafin ya yi sallama ka san ko mai sanyi ne ko ɗan ƙwalisa. Har siyasa ta san da wannan, shi ya sa jar hula ta zama tambarin Kwankwasiyya.

Babbar riga kuwa, ko mai aska biyu ce ko aska takwas, tana son kafaɗa da natsuwa. Saɓa ta kaɗai darasi ne. Mai garaje, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, kokawa zai wuni yi da ita, alhali kaftani zai yi masa cas.

Sai launi, inda na fi jin takaici. Mutanen da suka riƙe marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, da masu bugun turkuɗi na Kura da Buzaye ke naɗawa har shuni ya hau musu fata, sun san yadda baƙi mai sheƙi ke zama a jikin mutum. Iyayenmu mata sukan kara atamfa a damtse kafin su taya. Baƙar mace ruwan ƙwai da fari da ruwan goro suna haska ta. Wankan tarwaɗa kusan komai na karɓarta. Fara kuma launi mai duhu ke fito da ita. Yau an juya lissafin. Maimakon a nemi zanen da ya dace da fata, ana shafa man bilicin don fata ta dace da yayi, a ƙare da fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙaƙe.

Anko, da muka aro daga Yarabawa, ya ƙara dagula lamarin. Amarya ta shiga Kantin Kwari ta zaɓi leshi ɗaya, ƙawaye talatin, doguwa da gajera, siririya da mai jiki, kowa ya zama dole ta sa. Ban ƙi zumuncin da ke ciki ba, kuma yana rufa wa marar hali asiri a taro. Amma yarinyar da akwatinta duk ragowar anko ne, yaushe ta taɓa zaɓar wa kanta launi? Maza ma ba su tsira ba: ana gasar shaddar Getzner ta Ostiriya, a kashe kuɗin wata guda a yadi, ɗinkin kuma ya fito ya ɗame ciki ko ya zarce hannu, don ba wanda ya tsaya aka gwada shi da kyau.

Da, ko an yi anko, ɗankwali na ceton mace. Wata ta yi ture-ka-ga-tsiya, wata ta kwantar da shi, wata ta bar jela a baya, kowacce gwargwadon goshinta da rawar kanta. Yanzu ranar biki mai kwalliya ɗaya ake ɗauka, ta jera ƙawayen a kujera ta yi musu ɗauri iri ɗaya, har uwar amarya kan tsaya tana duba hoton kafin ta gane wacce ce 'yarta ta biyu.